Ruwan Gauraki

Tun da rijiyoyin garinsu suka ƙafe, Malam Tanimu da matarsa Ladidi a cikin mota suke kwana, a nan suke girki. Idon Ladidi ya fara mutuwa, kuma burinta ta sake ganin gauraka kafin ya rufe.

A gandun tsuntsayen da ke bakin hamada, ba kuɗi ake biya ba, ruwa ake bayarwa. Mai gadi ya jijjiga jarkarsu.

"Baba, ita kaɗai ce fa ta rage muku. Famfo na gaba akwai nisa."

"Juye," in ji Tanimu.

Aka juye a kwami. Can sai ga gauraki sun sauko. Ladidi ta damƙe hannun mijinta tana dariya, don ta ga inuwarsu.

Tanimu ya ɗora madubin hangen nesa. Tare gaurakin suke sunkuyawa, tare suke ɗagowa, ruwan ko motsi bai yi ba. Ƙasa fes, ba kashi, ba gashi. Ashe ba na gaske ba ne.

"Malam, suna sha?" in ji Ladidi.

Ya dubi mai gadi. Mai gadi ya kau da kai.

"Suna sha, Ladidi."

"Bayin Allah," ta ce, tana lasar busasshen leɓenta. "Ashe da ƙishi suka zo."