Yaɓen Katangar Gidan Gado

Kai da kake cewa katangar ba taka ba ce, saurari wannan. Wasu 'yan'uwa uku suka gaji gida, suka raba ɗakuna, suka kuma ajiye magana cewa kafin damina kowa ya yaɓe katangar da ke bayan ɗakinsa. Na tsakiyar ya tafi ci-rani kudu, ya garƙame ɗakinsa, aka daina jin ɗuriyarsa. Rabonsa na katanga ya zauna tsirara, ruwa yana ci shekara da shekaru. A gefe guda babban wa ne da ɗakin hatsinsa. A ɗaya gefen kuwa matar ƙaraminsu ce, wadda mijin ya rasu ya bar ta da yara, tana gina tukwane tana ciyar da su. Bayan ɗakin da yaran ke kwana jingine yake da katangar nan. Ta ga tsaga ta soma tahowa wajensu, tsoro ya kama ta. Ta yi wa babban wan magana, ya ce kowa da rabonsa, shi ba zai yi wa ɗan yawon duniya bauta ba. Ba ta sake roƙo ba. Ta kwaɓa ƙasa da ƙafarta, ta ɗauko tsanin gida ta hau. Nan fa tsegumi ya tashi, wai mai yaɓe bangon wani, ɗakinsa take hari. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, amma ba ta sauko ba. Ta kai rabi ke nan babban wan ya zo ya ɗauke tsanin, shi ga mai tsare gado.

Da marka ta sauka, rabin da ba a yaɓe ba ya sha ruwa ya ƙoshi, ya zube, ya ja bangon ɗakin hatsin suka tafi tare. Gero ya kwana cikin taɓo. Inda hannunta ya taɓa kuwa ko gezau, yaran suka tashi lafiya. Ba ta yi masa dariya ba, da ni ne da na yi. Ta dai koma ramin ƙasa ta soma kwaɓi. Da ta gan shi tsaye ya yi tagumi, sai ta ce, "Yaya, a kawo tsanin, saura rabi."

Hausawa suka ce, abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.