Yinin Da Ɗantala Ya Ara

Tun da aka kafa dokar gadon yini, duk yaron da ya cika shekara bakwai, namiji ko mace, sai ubansa ya ba shi yini ɗaya daga rayuwarsa. Wanzami ke zuƙo yinin da ƙaho daga ƙeyar uba, ya kafa wa yaro, yaron ya ga komai da idon uban.

Ɗantala ya lalube shekarunsa kaf, bai samu yinin da zai iya nuna wa 'yarsa Tasalla ba. Sai ya roƙi wansa Jatau aron ranar ambaliya, ranar da Jatau ya faɗa ruwa ya goyo wata tsohuwa.

"Kai dai ba ka da kunya," in ji Jatau, amma ya miƙa wa wanzami ƙeya. Wanzami ya zuƙo yinin, daga baya ya kafa wa Tasalla a matsayin na ubanta.

A hanyar gida Tasalla ta riƙe hannun ubanta gam.

"Baba, ashe haka kake! Ruwa har wuya! Ni ma haka zan yi in na girma."

"Allah ya yi miki albarka."

"Amma akwai wani saurayi a bakin gaɓa. Kana ta yi masa ihu ya kama igiya, shi kuwa ya ja baya, rungume da takalmansa kada su jiƙe. Na riƙe fuskarsa. Duk ranar da na gan shi, ba zan gaishe shi ba."

Ɗantala ya shafa gemunsa, wanda a shekarar ambaliyar bai tsiro ba tukuna.

"Ki dai gaishe shi," ya ce a hankali.