Saukar Rachidou Ramin Kwal

Rachidou ya kifa hular kwano a kansa, ta zame ta rufe masa ido. Ya ce alhamdulillahi, gara haka.

Duk unguwar Château Rouge ta Paris an san shi: mai sayar da shadda da atamfa, baki kamar rediyo, amma ko da bulala ba ya shiga métro, jirgin da ke bin ƙarƙashin ƙasa. Daga gidansa na Montreuil bas yake hawa ya zagaya duniya, don kawai kada ƙasa ta rufe kansa. Sai ga shi ya faɗa son Raihana, 'yar Malam Hassoumi na Lyon, tsohon da ya ƙare ƙuruciyarsa a haƙar kwal can arewacin Nijar. Ranar gaisuwa tsohon ya dube shi sama da ƙasa.

"Ni ɗiyata, ba ni ba wanda bai san cikin ƙasa ba. Gobe mu tahi mu sauka tare. In ka hito da ƙahwarka, taka ce."

Shi ya sa yau suke tsaye a wata tsohuwar mahaƙa da aka mayar gidan tarihi, can gaba da Lyon. An nuna musu ɗakin da mahaƙa ke rataye tufafinsu a sarƙa har rufi, an nuna musu fitilun goshi jere a kanta. Rachidou bai ga ko ɗaya ba. Kejin ƙarfen nan kaɗai yake kallo. Baturiyar da ke yi musu jagora ta ce a da can mutane kan sauka zurfin da ya ninka hasumiyar Eiffel, shi kuwa jin labarin ya sa gumi ya jiƙa masa riga.

Aka rufe keji. Ƙararrawa ta buga, ƙarfe ya girgiza, bango ya soma gudu sama. Rachidou ya ja duk addu'ar da ya sani, har da ta cin abinci.

Sai ya ji ana rawar jiki a gefensa. Malam Hassoumi ne, ya juya fuska ga ƙarfe, hannu a baki, kafaɗu na karkarwa, hawaye sharkaf. Tausayi ya kama Rachidou, irin wanda ke mantar da mutum kansa. Ya rungumo tsohon.

"Baba, riƙe ni. Ina nan. Ba abin da za ya same ka."

Rawar tsohon ta ƙaru.

Da keji ya tsaya suka fita cikin wani lungu mai duhu, gumagumai sun tokare rufi, taragon kwal na kan dogo. Rachidou ya taka ƙafa ɗaya. Ya taka ta biyu. Yana raye! Ko kunnensa bai toshe ba. Murna ta hau masa kai kamar ya sha shayi kofi goma. Ya ɗaga diga, ya shafa baƙi a goshi da kumatu, ya gaisa da mutum-mutumin da ke durƙushe yana haƙa, har ya tambaye shi iyali. Da aka ji wani abu na bugun rufi tif-tif, shi ya yi wa sauran baƙi bayani cewa ruwan ƙarƙashin ƙasa ne, kada kowa ya firgita.

Ya zaro waya, ga réseau cike, layi na tafiya sumul. Faransa ke nan! Nan take ya kira abokan Montreuil ta bidiyo.

"Ilya! Salim! Ku dube ni da kyau. Faransa duka tana bisa kaina, wallahi! Wanda ya sake ce mini ɗan bas, mu haɗu nan ƙasa. Métro? Métro wasan yara ne, mon frère!"

Aka kaure da ihu a waya. Malam Hassoumi ya share ido da hannun riga, ya dafa shi.

"Kana tsoro, ka bar naka ka kama nawa. Na ba ka Raihana. Ku shaida."

Rachidou ya yi tsalle har hularsa ta bugi gungume. Daɗi ya cika shi har makoshi, bai san sanda ya soma waƙa ba. Yana riƙe da waya sama, abokai na kallo, ya ce da jagorar cikin isa:

"Madame, ina kejin hawa? Ni zan shiga gaba."

Matar ta yi murmushi, ta tura wata ƙaramar ƙofa a ƙarshen lungun.

Haske ya shigo. Ga ciyawa, ga ruwan sama na zuba, ga motarsu a ajiye daidai da tafin ƙafarsa. Kafaɗun Malam Hassoumi suka sake kama rawa, amma wannan karon bai rufe baki ba.

"Wayyo cikina! Kejin nan ko taƙi ba ya sauka, yaro, bango ne ke gudu. Kai ne surukina na ukku da na kawo nan, amma kai kaɗai ka lallashe ni ina dariya."