Sallamar Tsohuwa

Kwaɗon ƙofar ɗakin ta waje yake. Sai ɗan tsohuwar ya buɗe shi kafin Malama ta shiga ɗakin da na'urar ɗaukar murya.

"Yawo take yi, Malama. Kin san tsufa," in ji shi.

Malama ƙamus take haɗawa na wani yare da ke gab da mutuwa, kuma iya saninta tsohuwar nan kaɗai ta rage mai jin sa. Tsohuwa kuwa ko "zo in kashe ki" ba ta sani ba a harshen Malama. Ɗan nata, da ya ce yana tsintar yaren kaɗan-kaɗan, shi ya zama tafinta.

Ba ya zama. A bakin ƙofa yake tsayawa, hannu a aljihu. Tsohuwa ta zuba zance mai tsawo, shi ya fassara da kalma biyu. Malama tsoronsa take ji, amma mai nema ba ya fushi.

Kowace Alhamis tsohuwar sai ta ƙara ramewa. In Malama ta tashi tafiya, sai ta damƙe mata hannu, ido cikin ido, ta ce, "Miren ko talu."

"Sallama ce," in ji ɗan. "Kamar a ce sai wata rana."

Malama ta rubuta. Har ta haddace, ta riƙa mayar mata da murmushi. Tsohuwa sai ta saki hannun ta juya fuska bango.

A mako na bakwai ɗan ya tare Malama a ƙofar gida. Ya ce kada ta ƙara zuwa, jikin tsohuwar ya yi tsanani. Ta dawo ba ta ko ji tarin tsohuwar ba.

Kwana biyar bayan nan aka ba ta labarin wani tsohon tela mai jin yaren. Ta same shi a shagonsa, suka sha aiki har azahar. Da za ta tafi, ta ce bari ta burge shi.

"Miren ko talu, Baba."

Almakashi ya suɓuce masa. Ya leƙa bayanta, ya rage murya.

"'Yar nan, wa ya faɗa miki wannan?"

"Ba sallama ba ce?"

"Wace irin sallama? Cewa kika yi: wannan ba ɗana ba ne."