Mitar Baba Filibus

Duk Asabar da safe, kafin Samson ya kai rabin kofin shayinsa, wayarsa za ta yi ƙara. Ba ya ma duba sunan.

"Samson, ta ƙare."

Mahaifinsa ke nan, Baba Filibus, daga Gonin Gora. Wutar mita yake nufi. Mitar irin mai katin nan ce, sai ka saya ka danna mata lamba ashirin kafin ta ba ka haske. Idon Baba kuwa ya daina ganin ƙananan rubutun waya tun bayan da ya bar aikin masaƙa a Kakuri. Don haka Samson ne ke saye daga Fatakwal inda yake aiki, ya karanto masa lambobin ɗaya bayan ɗaya.

Aiki ne na minti biyu, amma a hannun Baba sai ya ci rabin awa. "Bakwai ka ce ko takwas? Koma farko." Yana cikin dannawa sai ya tambayi tarin jikarsa Favour, ko ya lafa. Ya danna huɗu, ya kawo labarin akuyar da tirela ta buge a titin Abuja, da yadda mai ita ya yi ta kuka kamar ɗansa ne. Samson dai na duba agogo yana cizon leɓe.

Abin da ya fi ci masa rai kuɗin ne. Gidan da tun rasuwar Mama ba a sake kunna firji ba, ƙwan fitila biyu ne sai fanka guda, rediyon ma na batir ne. To ina wutar take zuwa? Matarsa Jessica ce ta fara furta cewa wani ne ke jan wutar, shi kuma dama abin na ransa. Anti Martha, maƙwabciyar da katanga ɗaya ta raba su da Baba, tana da firiza biyu, tana sayar da ƙanƙara da zoɓo a bakin titi. Ita ce ke kai wa Baba tuwo kullum da yamma. Tuwon nan, a ganin Samson, ba na banza ba ne.

Da ya zo Kirsimeti ya so ya duba mitar, sai ya tarar Baba ya rataya kalandar coci a kanta, wai jan hasken da take ƙiftawa na damun idonsa. Baƙi suka shigo gaisuwa, maganar ta bi ruwa. Amma kafin ya shiga mota sai da ya tsaya a ƙofar Martha.

"Anti, wutar nan fa kuɗi ake sa mata."

Ta dube shi, ta ci gaba da ɗaure ledar zoɓonta. Tuwon dai bai fasa zuwa ba.

Yana komawa ya sa wani abokinsa ya yi ta zirga-zirga a ofishin wuta har aka mayar da gidan kan bil na wata-wata. Ma'aikata suka zo suka haɗa waya kai tsaye, suka bar mitar a bangon baranda, wai za su dawo su ɗauka. Samson ya kira da murnarsa.

"Baba, an gama. Wuta ba za ta sake ƙare maka ba. Daga nan zan riƙa biya duk wata, ba sai ka wahalar da kanka da kira ba."

Baba ya amsa a hankali.

"To. Ka kyauta, ɗana. Allah ya yi maka albarka."

Asabar ta farko Samson ya shanye shayinsa da zafinsa, kuma maganar gaskiya ya ji daɗi. Baba mutumin zamanin da ne, ba ya kiran ɗansa a waya haka kawai. Shi kuma Samson kullum cewa yake Lahadi zai kira, Lahadin ta zo da nata hidimar. Bil na farko ya iso, na ƙiyasi ne, har ya fi abin da yake kashewa a da. Ya yi tsaki ya biya. Na biyu ma haka, na uku ma haka.

Ana cikin damina, wata Talata, Martha ta kira shi. Ta leƙa da safe ne ta tarar da Baba a kujerarsa ta baranda, jiki ya riga ya yi sanyi.

Bayan an dawo daga maƙabarta, jama'a sun watse, baƙin ciki ya hana Samson zama. So yake ya sami wanda zai ji haushi. Ya zaga bayan gida yana bin katanga da ido, ya taka bulo ya leƙa ƙarƙashin kwanon rufi, yana neman wayar da ta tsallaka gidan Martha. Bai ga komai ba sai yanar gizo. Ya dawo baranda riga duk datti, ya tarar da ita tana tattara kujerun coci.

"Duk Asabar da sassafe yake wanka," in ji ta, ba tare da ta dube shi ba. "Ya sa farar rigarsa, ya zauna nan da waya a hannu. Ko bayan da kuka canza abin, bai daina ba."

Ta ɗauki kujerun ta fita.

Kalandar tana nan a bango, har yanzu a shafin Disamba. Samson ya ɗaga ta. Ƙura ta lulluɓe fuskar mitar, amma maɓallan lambobin sun goge, suna sheƙi saboda dannawa. Ya share gilashin da babban yatsa, ya taɓa maɓallin da ke nuna saura, ɗan batirin ciki ya farka.

Ya karanta, ya sake karantawa, sannan ya zauna a kujerar Baba. Duk lambar da ya taɓa karantowa tana ciki a tare, wutar da za ta ishi Baba shekara biyu ba tare da ya kira kowa ba.