Gefen da Aka Yanke

Mahaifinta mai ɗaukar hoton jarida ne, ita kuma 'yar aji huɗu ce da ba ta da aji, tun da aka rushe makarantarsu don baƙin gasar ƙwallon duniya su sami wurin ajiye motoci.

Ya tsayar da ita a gaban ɓaraguzan. Yadda ya durƙusa kamar kwaɗo ne ya ba ta dariya.

"Ki bari duniya ta gani, uwata," ya ce. "Dole su gina muku wata."

Kwana tara tana jira. Da jaridar ta fito, sai ga fuskarta a shafin farko, an rubuta a ƙasa: Yara na ɗokin zuwan gasa. Babu ko bulo ɗaya a hoton.

"Baba, wa ya yanke makarantarmu?"

Ya daɗe yana murza igiyar katin shiga filin wasa da ke wuyansa.

"Sun ce ko in yanke, ko in ajiye katin da aikin."

Ta ninke jaridar a hankali. Ranar ta gane babu mai zuwa, domin kowa ya ga tana dariya.