Jiya Kin Iya

Ta bango muryar mahaifiyar Arzika ke ratsowa, tana ce wa mahaifiyar Sauda: "Shekara shida a Kuba? Ɗana ba ya jiran likita, Hajiya!"

A falon gidansu Sauda, Arzika na yi mata bitar jarrabawar Sifaniyanci ta gobe, wadda in ta ci za ta tafi karatun likita. Bai jin harshen, layi kawai yake bi da yatsansa mai kaushin noman shinkafa.

Ya karanto mata kalmar da za ta sarrafa daga littafinta: "Sigar fata. Hablar."

"Hable, hables… hablamos."

Kuskure na uku ke nan, kuma duk sai ta saci kallonsa.

Ya ajiye littafin. A bakin ƙofa ya juyo.

"Jiya kin iya, Sauda. Gobe ki rubuta daidai. Ni ba ni auren wadda ta faɗi don ni."